Ratar Gashi Ɗaya

Ƙarfe goma na dare a Žilina,
kogin Váh ya yi tsit ƙarƙashin ƙanƙara.
Na rataye rigar sanyi, na danna kati,
Bohuš ya miƙa min aiki yana hamma:
"Dorota, ƙofar baya ta hagu
tun da yamma take tofi."

Ɗakin da muke wa hidima ba a shigarsa.
Bango huɗu, ƙyaure mai kulle kansa,
mu namu kallo ne ta allo.
A ciki hannu ne guda, rawaya, mai gaɓa shida,
wanda bai taɓa taɓa abin da yake haɗawa ba.
Can sama yake wucewa, kamu ɗaya da ƙarfen,
shirwa ce marar niyyar sauka.
Madubai biyu, kowanne bai fi kwabo ba,
su karkata, su cilla tsinken leza:
nan, nan, can, nan kuma,
ɗinki talatin kafin in haɗiye kurɓin shayi.

Babana, Vendelín,
shekara talatin da ɗaya yana waldar taragon jirgi.
Tartsatsi ya yi masa rubutu a damtse,
rubutun da sabulu bai iya karantawa.
Ranar da na samu aikin nan ya ce,
"Waldar da ba ta gasa miki fuska ba, hoto ce."
Tun daga nan hirarmu ba ta wuce
ko za a yi dusar ƙanƙara gobe.

Na sa aka yanko min ɗinkin da ya lalace.
Huji-huji, kamar sauro ya kwana a kai.
Na duba gilashin kariya, tas yake.
Na duba iskar da ke kore hayaƙi, tana hurawa.
Ƙarfin haske bai gusa ba ko ɗigo.
Ƙarfe biyu ya wuce, idona ya yi yaji,
kwandon rijak yana cika,
shugaban layi ya zo ya tsaya a bayana, bai ce komai ba,
wanda ya fi magana ciwo.

Sai na zura ma'aunin rata tsakanin farantan biyu.
Ya ƙi shiga.

Ashe matsewa ce ta yi yawa.
Farantan nan an shafe su da tutiya,
ita kuwa tutiya tana tafasa tun ƙarfe bai narke ba.
In ba ta samu kafar fita ta gefe ba
sai ta fasa ta tsakiyar ɗinki.
Dole a bar musu rata, kaurin gashi ɗaya ko biyu,
su numfasa.

Na sassauta maƙalar. Ƙofa ta gaba ta fito sumul,
ta bayanta ma haka.

Ƙarfe shida da rabi na hau bas mai zuwa unguwarsu.
Na san ya tashi, tsoho ba ya barcin asuba.
Na ajiye guntayen biyu a kan tebur
tsakanin burodi da kwalbar maganin tarinsa,
mai huji da marar huji.
Ya laluba tabarau.
Ya bi ɗinkin da babban yatsa, a hankali,
yadda yake shafa kaina ina ƙarama in zazzaɓi ya kama ni.

"Wa ya gaya wa injin naki ya bar wa ƙarfe numfashi?"

"Ni ce."

Ya daɗe yana juya shi.
"Mu da guntun waya muke yi," in ji shi,
"mu cusa a tsakani, kada su manne."
Ya jefa mai kyan a aljihun riga,
ya tura min marar kyan da gefen hannu.

Na ja kujera, ba ta kusa da shi ba,
ta biye da ita.
Butar shayi ta fara kuka.
Ya leƙa taga ya ce da alama yau ma za a yi.